Rigimar Tsani A Ƙasar Indiya: An Buɗe Wa Talaka Ƙofa, Saura Hawa

Jama'a 'yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa mazauna rumfa, yau labarin wata rigima na kawo muku daga ƙasar Indiya. Rigima ce ta injiniyoyin Gwamnati, watau masu awon hanya da gina gadoji da madatsan ruwa, a kan wanda za a yi wa ƙarin girma da wanda za a bari a baya. Na san wani zai ce, ina ruwan mai sayar da gishiri da injiniyan Indiya? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe. Magana ce ta haihuwa da gado, da yadda a ke zama a ofis a rubuta doka ta yadda ɗan wane zai hau sama, ɗan wane kuwa ya tsufa a gindin tsani. Wannan ko ba baƙon abu ba ne ga talakan kowace ƙasa.

Tun zamanin kakanni, mabiya addinin Hindu sun kasu aji aji bisa ga haihuwa. Manyan azuzuwan huɗu ne. Na sama su ne Barahman, malaman addini. Sai mayaƙa da sarakuna, sai fatake da attajirai, sa'an nan masu aikin ƙarfi. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai wasu mutane da ba a ma lissafa su cikin huɗun, waɗanda aka ce ko taɓa jikinsu ƙazanta ne. Su ne masu jima, da masu jan mushe, da masu shara da kwashe bayan gida. An hana su ɗiban ruwa a rijiyar gari, an hana su shiga ɗakin ibada, 'ya'yansu kuwa in an bar su sun je makaranta, can gefe a ke zaunar da su. Su ne a yau su ke kiran kansu Dalit. Mu ma a nan muna da sana'o'in gado, kamar fawa da ƙira da wanzanci, kuma har yanzu akwai masu ƙin ba wani aure saboda sana'ar ubansa. Amma fa kada a haɗa, gama ba wanda ya taɓa hana mahauci rijiya a ƙasar nan.

Cikin waɗannan mutane aka haifi Dakta Ambedkar a 1891. Sarkin Baroda ya biya masa kuɗin karatu har jami'ar Kolambiya ta Amurka. A 1917 ya komo ya kama aiki a ofishin sarkin. Me ya tarar? Masinjojin ofis ba sa miƙa masa takarda hannu da hannu, sai su jefa masa bisa tebur daga nesa don kada su taɓa shi. Masauki kuwa ya gagare shi a garin, har dole ya bar aikin ba da daɗewa ba. Ku riƙe wannan labari da kyau, domin shi ne gindin maganata duka. Mutumin nan ya sami ilmi, ya sami aiki, amma haihuwarsa ta bi shi har cikin ofis ta zauna tare da shi.

Shi ne daga baya ya shugabanci kwamitin da ya rubuta Tsarin Mulkin Indiya, wanda ya fara aiki ran 26 ga Janairu, 1950. Sashe na 17 ya soke al'adar nan ta ƙin taɓa mutum. Sashe na 16 ya ce kowa daidai ya ke wajen neman aikin Gwamnati, amma ya ba Gwamnati izinin keɓe gurabe domin mutanen da aka danne, in ta ga ba su da isassun wakilai cikin ma'aikata. A Gwamnatin Tarayya an keɓe wa Dalit kashi 15 cikin 100, an keɓe wa ƙabilun daji da duwatsu kashi 7 da rabi. Ƙidayar 2011 ta nuna Dalit su ne kashi 16.6 cikin 100 na mutanen ƙasar, ƙabilun nan kuwa 8.6. Kun ga ke nan ba a ba su fiye da yawansu ba.

TSANIN DA A KE FAƊA A KANSA

Shiga aiki daban, hawa daban. Aikin injiniya a Ma'aikatar Ayyuka ta can tsani ne mai matakai. Mutum ya kan fara da ƙaramin injiniya ko mataimakin injiniya, ya hau ya zama mai riƙe da yanki, sa'an nan mai duba yankuna, can ƙoli kuwa babban injiniya. Gindin tsanin faɗi gare shi, samansa tsukakke ne. A sama a ke sa hannu a takardar kwangila, a sama a ke shirya wace unguwa za a kai wa famfo bana, wace kuwa za ta jira baɗi. To, tambayar da ta hana Indiya barci ita ce, kason nan da aka keɓe, a bakin ƙofa kaɗai zai tsaya, ko kuwa zai bi mutum har kan matakai?

A 1961, cikin wata shari'a ta ma'aikatan jirgin ƙasa, Kotun Ƙoli ta ce ya halatta a keɓe gurabe wajen ƙarin girma. Aka yi shekara talatin a kan haka. A Nuwamba 1992 alƙalai tara suka zauna suka juya maganar. Suka ce kason a bakin ƙofa kaɗai ya ke, kuma duk abin da za a keɓe kada ya wuce rabi. Majalisa ta ce ba ta yarda ba, a 1995 ta gyara Tsarin Mulki ta mai do wa Dalit da ƙabilun daji kasonsu na ƙarin girma.

Sai wata sabuwa ta ɓullo. A ce injiniya biyu ne, na farko ya riga na biyu shiga aiki da shekara biyar. Na biyu Dalit ne, gurbin da aka keɓe ya buɗe, ya riga hawa. Bayan shekara uku na farkon ya iske shi a matakin. To, wane ne gaba yanzu? Kotu ta ce na farkon ya koma gabansa kamar dā, wai wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi. Majalisa kuma ta sake gyara Tsarin Mulki a 2001, ta ce a'a, wanda ya riga hawa shi ne gaba, lissafin daɗewarsa daga ranar da ya hau za a fara. Kada ku ga kamar ƙaramar magana ce. Wanda sunansa ke gaba a jeri shi za a fara dubawa in mataki na gaba ya buɗe, saboda haka tazarar yau ita ce za ta raba wanda zai yi ritaya yana babban injiniya da wanda zai yi ritaya a tsakiyar tsani.

A 2006 alƙalai biyar suka raba gardama. Suka ce gyare-gyaren Majalisa sun halatta, amma duk Gwamnatin da ke son keɓe gurabe wajen ƙarin girma sai ta kawo lissafi a rubuce. Ta nuna mutanen suna baya, ta nuna ba su da isassun wakilai a aikin, ta kuma nuna aiki ba zai lalace ba. A 2018 kotu ta sauke sharaɗi na farko, ta ce ba sai an sake tabbatar da cewa Dalit suna baya ba, abin da kowa ya sani ne. A 2022 ta ƙara da cewa lissafin nan mataki mataki za a yi shi, ba a tara ma'aikata duka a buhu ɗaya ba.

ABIN DA YA FARU A KARNATAKA

Jihar Karnataka tana kudancin Indiya, babban birninta Bangalor. A 1978 ta keɓe kashi 15 ga Dalit da kashi 3 ga ƙabilun daji wajen ƙarin girma, a 2002 kuma ta kafa dokar cewa wanda ya riga hawa shi ne gaba. Wasu injiniyoyi da ba su cikin kason suka kai ƙara. Suka ce a Ma'aikatar Ayyuka an yi wa 'yan kaso da aka ɗauka a 1987 ƙarin girma a daidai lokacin da layi ya ke kan sauran injiniyoyi da aka ɗauka tun 1976. Tazarar shekara goma sha ɗaya ke nan. A Fabrairu 2017 Kotun Ƙoli ta soke dokar, gama Gwamnatin jihar ba ta yi lissafin da aka ce a yi ba. Aka umarta a sake jeri. Dubban ma'aikata suka wayi gari ana maganar sauke su daga matakin da suka yi shekaru a kai.

Sai a sa'an nan Gwamnati ta farka. Ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin wata babbar ma'aikaciya, Ratna Prabha, aka bi ma'aikatu aka ƙidaya. Cikin 'yan watanni aka gama, aka kafa sabuwar doka a 2018. Ran 10 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta ce wannan doka ta tsaya daidai.

Ku duba fa, jama'a. Aikin 'yan watanni ne Gwamnati ta ƙi yi har shekara goma bayan kotu ta faɗa. Wa ya sha wahalar wannan lalaci? Injiniyan da aka ɗaga aka sauke aka sake ɗagawa, da ɗan'uwansa da ya ƙarar da albashinsa wurin lauyoyi. Ministan da ya ƙi lissafi ko kwabo bai yi hasara ba.

IN AN BI TA ƁARAWO A BI TA MABI SAWU

Ba zan ɓoye muku ba, kukan mutumin 1976 kuka ne na gaskiya. Mutum ya yi shekaru cikin rana da ƙura yana awon hanya, yaron da ya koya wa riƙon ma'auni ya zama shi ke sa hannu a takardar hutunsa. Wataƙila ma shi ba ɗan mai kuɗi ba ne, ubansa matalaucin malami ne, kuma bai taɓa hana kowa rijiya ba. Duk wanda ya ce wannan ba ciwo ba ne, bai taɓa aiki ƙarƙashin wani ba.

Amma duk da haka ni ra'ayina shi ne kason ya bi talaka har kan tsani, kuma ga dalilaina.

Na ɗaya, ƙarin girma ba jarrabawa ba ce da a ke rufe suna a duba amsa. Mai gidanka a ofis shi ke rubuta rahotonka na shekara, shi ke cewa wane ya iya, wane bai isa ba tukuna. In masu rubuta rahoton nan duk daga aji ɗaya su ke, kuma a gidajensu an tashe su da cewa wancan jinsi ba a cin abinci da shi, wane irin rahoto ku ke tsammani? Ni akawu ne, na san ƙarfin alƙalami. Kalma ɗaya a gefen takarda ta kan kwantar da mutum shekara biyar, shi bai ma san an rubuta ba. Masinjan da ya jefa wa Ambedkar takarda ya mutu, amma halin nan ba ya mutuwa don an kafa doka. Har a 2013 sai da Majalisar Indiya ta sake kafa dokar hana sa mutum kwashe bayan gida da hannu, shekara sittin da uku bayan an ce an soke ƙin taɓawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na biyu, masu cewa aiki zai lalace, gada za ta rushe, su tuna ba a kama mutum a tasha a ce masa zo ka zama injiniya. Wanda a ke magana a kansa ya yi makaranta, ya ci jarrabawa, ya yi shekaru yana aikin. Alƙali Chandrachud, wanda ya rubuta hukuncin 2019, ya bayyana cewa ba a auna cancanta da maki kaɗai, kuma Gwamnatin da ta ƙunshi kowane irin mutanen ƙasa ita ma alama ce ta aiki mai kyau. Gaskiyarsa. Injiniyan da uwarsa ta yi tafiyar mil biyu neman ruwa saboda an hana ta rijiyar kusa, in ya zauna a teburin da a ke raba famfo, ba sai an tuna masa da unguwar bayan gari ba.

Na uku, in ba a ɗaure abin da doka ba, sai yadda mai mulki ya ga dama. Ga misali daga jihar Uttarakhand ta arewa, gindin duwatsun Himalaya. A 2012 kwamitin da Gwamnatin jihar ta naɗa da kanta ya ce Dalit da ƙabilun daji ba su da isassun wakilai cikin ma'aikata. Amma a Satumba na wannan shekara Gwamnatin ta yanke shawarar cika gurabe ba tare da kaso ba. Maganar ta kai Kotun Ƙoli a kan matsayin mataimakin injiniya a Ma'aikatar Ayyuka. A Fabrairu 2020 kotu ta ce Tsarin Mulki izini ya ba Gwamnati, bai tilasta mata ba, kuma ba mai ikon zuwa kotu ya ce lalle sai an keɓe masa. Kun ji fa. In Gwamnati za ta ba talaka, sai ta kawo lissafi. In za ta hana shi kuwa, ba ta bukatar kawo kome. Wane irin ciniki ne wannan, mudun saye daban, mudun sayarwa daban?

ƘOFAR DA A KE RUFEWA BA ƘARA

Akwai wata hanya kuma da a ke tare mutum ba tare da an ambaci asalinsa ba, ita ce ƙa'idar wanda ya isa a duba shi. Injiniyoyin Indiya iri biyu ne, masu digiri na jami'a da masu difloma ta makarantar koyon sana'a. A 1970 jihar Kashmir ta kafa ƙa'ida cewa cikin mataimakan injiniya, mai digiri kaɗai za a ɗaga zuwa mataki na gaba. Masu difloma suka ce yaya haka, aiki ɗaya mu ke yi, matsayi ɗaya mu ke riƙe. A 1973 Kotun Ƙoli ta ce Gwamnati tana da ikon bambanta ma'aikata bisa ga ilmi. Abin mamaki, alƙalin da ya rubuta wannan hukunci shi ne mahaifin wanda ya rubuta na 2019, kuma su biyun duka sun riƙe shugabancin Kotun Ƙoli.

Ba na faɗa da ilmi, ni ma da shi na ke cin abinci. Amma mu tambayi kanmu, ɗan wa ya kan tsaya a difloma? Karatunta ya fi gajarta, kuɗinta ya fi sauƙi, mutum ya kan fito da wuri ya taimaki iyaye. Hanyar ɗan talaka ke nan. To, in an keɓe wa Dalit gurbi a sama, sa'an nan aka rubuta ƙa'idar da yawancin waɗanda ke ƙasa ba za su cika ba, sai gurbin ya zauna wofi, a rubuta cewa ba a sami wanda ya dace ba. Guraben da suka yi ta taruwa ba a cika ba sun yi yawa har a 2000 sai da aka gyara Tsarin Mulki musamman domin a riƙa ɗaukarsu zuwa shekara ta gaba ana cikawa. An ba ka da dama an karɓe da hagu. Maganin wannan a fili ya ke. A buɗe wa mai difloma hanyar ƙaro karatu yana bakin aiki, ko a yi masa jarrabawar ma'aikata bayan ya yi shekarun da aka ƙayyade. In ya ci ya hau, in ya faɗi ya san abin da ya kayar da shi.

MAIƘON SAMAN TUKUNYA

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai ɗaci ga 'yan kason kansu. In an dafa miya, maiƙo sama ya ke tasowa, mai ludayin farko shi ke kwashewa. Cikin Dalit ɗin ma akwai dangi da yawa, wasu sun fi wasu gaba. Ɗan babban injiniya da ya tashi a gidan Gwamnati, da ɗan mai shara da ya yi karatu da fitilar kwalba, duk takarda ɗaya su ke riƙe da ita ta asali. Wa ku ke tsammani zai riga kai hannu? Tun 1992 kotu ta ce a fitar da masu hali daga kason sauran azuzuwan da ke baya, waɗanda aka keɓe wa kashi 27 wajen ɗaukar aiki. A 2018 ta ce wannan ƙa'ida tana iya hawa kan Dalit su ma. A Agusta 2024 alƙalai bakwai suka ba jihohi izinin rarraba kason Dalit ƙanana ƙanana domin na can ƙasa ya samu. Amma cikin watan nan Gwamnatin Tarayya ta ce ita ba za ta fitar da masu hali daga kason Dalit ba. Masu goyon bayanta sun ce kuɗi ba ya wanke asali a idon mai ƙyama, kuma akwai gaskiya a ciki. Ni dai na ce ko ba a fitar da kowa ba, a fara da wanda gidansu ba a taɓa cin albashin Gwamnati ba. In ba haka ba, za a wayi gari an yi sababbin sarakuna cikin talakawa, kason ya zama gadon gidaje ƙalilan.

Abin da ya kamata kowace Gwamnatin jiha a Indiya ta yi ba boyayye ba ne. Ta ƙidaya ma'aikatanta mataki mataki kowace shekara, ta manna lissafin inda kowa zai gani. Inda kason ya cika a tsaya, kamar yadda kotu ta faɗa tun 1995 cikin shari'ar injiniyoyin ban ruwa na jihar Punjab, domin mutumin 1976 ya san jiransa yana da iyaka. Inda bai cika ba a cika, kada a jira sai an ga dama. Ɗan kasuwar da ba ya rubuta bashi, shi da abokin cinikinsa kullum suna gaban alƙali. Haka Gwamnatin da ba ta ƙidaya ta ke haɗa ma'aikatanta faɗa, su yi ta zagin juna a kan asali, ita kuwa ta koma gefe tana kallo.

Mu nan Nijeriya muna da namu rabon. Tun Tsarin Mulkin 1979 aka rubuta cewa a raba ayyukan Gwamnatin Tarayya ta yadda kowane sashe na ƙasa zai samu, a 1996 kuma aka kafa hukuma domin lura da haka. Namu bisa jiha a ke yi, nasu bisa haihuwa. Gardamar mai digiri da mai babbar difloma kuwa, duk wanda ke da ɗa a makarantar koyon sana'a ya san ta. Saboda haka in kun ji an ce an ba jiharku gurbi kaza, kada ku tsaya ga murna. Ku tambaya, 'ya'yan wa aka ba? A wane mataki aka ajiye su? Bayan shekara goma, nawa suka hau? Wa ya rubuta ƙa'idar hawan, kuma a ina aka manna ta? Wakilin da kuka zaɓa, in ya zo rumfarku neman ƙuri'a, ku sa shi ya amsa waɗannan kafin ku ba shi wurin zama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba talaka sa'a, ya kuma kai ɗansa inda ƙoƙarinsa ya isa ya kai shi.